Yadda Muka Kai wa Mai Zinariya Maganin Gwiwa

Tun da muka dawo daga Dubai ni da Gwaggo Falmata ban huta da tambaya ba. A lakkwal, makarantar da nake koyarwa, da an fita shan iska sai malamai su kewaye ni: Madam Rabi, wai da gaske ne labule na buɗe kansa? Da gaske ne ana barbaɗa zinariya a abinci? A kasuwa mai tumatir ba ya auna mini sai na ba shi labarin jirgi. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na maimaita sai na tsallake wuri guda, alhali wurin shi ne labarin. To ga shi na rubuta duka, har da abin da nake tsallakewa. Na san takarda ba ta riƙe asiri, za ta kai kunnen waɗanda na fi jin kunyarsu. Ta kai ɗin.

Ga wanda bai sani ba, muna da ƙungiyar mata masu saƙar faifai a nan Gure. Gwaggo Falmata, yayar mahaifina, ita ce shugaba. Ni ce sakatariya, ba don na iya saƙa ba, sai don ni ke jin faransanci kuma wayata na buɗe wasiƙa. Shekara uku da suka wuce wata baturiya, Madam Silbiya, ta ga fayafayanmu a wajen baje koli a Yamai. Tana aiki a wani kamfanin Italiya mai ƙera sarƙoƙi da zobba da agogo, da jakunkuna da turare. Kamfanin ya ga sayar da agogo bai ishe shi ba, ya shiga gina otel a manyan birane, don wanda ya sayi agogon ya samu inda zai kwana da shi. Fayafayanmu suke so su ƙawata bango.

Na kawo wa mata labari ina rawar jiki. Gwaggo ta bari na gama, sannan ta ce, "Wane ne mai gidan?"

Na ce kamfani ne.

"Na ji. Kamfanin na wane ne? Ɗan wane ne? In sun ɓata mana, wa za mu kama? In mu muka ɓata, wa za mu ba haƙuri?"

Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa saƙa wa wanda ba shi da fuska ba, kuma ba za ta fara da furfura ba. Matan duk suka gyaɗa kai. Ina kallo aikin da zai riƙe gidaje da yawa zai kuɓuce a kan tambaya ɗaya. Sunan kamfanin kuwa sunan mutum ne, wani maƙerin zinariya da ya fara da ɗan shago, kuma na san sarai ya mutu tun kafin a haifi Gwaggo. Amma na buɗe baki na ce, "Akwai mai gida. Dattijo ne, ya ma ce a gaishe ku." Sunansa bai juyu a bakin kowa ba, sai aka raɗa masa Mai Zinariya, aka kama aiki.

An ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Tawa ta yi ƴaƴa har da jikoki. Duk wasiƙar da ta zo, ko layi biyu ce a kan launin kaba, sai na fara karanta ta da gaisuwar Mai Zinariya. Suka tambayi iyalinsa, na ba shi mata ɗaya da ƴaƴa uku. Suka tambayi kamanninsa, na ba shi tsawo da tumbi. Da wata amsa ta yi jinkirin wata biyu, na kwantar da shi ciwon gwiwa. Daga nan duk wani jinkiri, gwiwa ce ta tashi.

Sai ga gayyata. Otel ɗinsu na Dubai zai buɗe ɗakin cin abinci da aka yi wa ado da aikinmu, suna son mutum biyu su zo, a kuma sa hannu a sabuwar yarjejeniya ta wasu shekaru. Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi, zan ga mutumin nan ido da ido. Sai na gaishe shi zan dangwala." Na lallashi kaina cewa in mun je zan ce ya yi tafiya. Mata suka haɗa tsaraba: dabino, cuku, hular zanna da aka gwada a kan mijina saboda shi ma Allah ya hore masa kai, da kwalbar maganin gwiwa da Ya Zara, wata tsohuwa daga Kelle, ta yi kwana bakwai tana haɗawa da man shanu da kanwa da sassaƙen da ita kaɗai ta san sunansa.

Mun shiga kar, babbar motar fasinja, bayan sallar asuba. Mai lodi ya ce a hau da jakar tsaraba sama, Gwaggo ta ce sai dai a hau da ita tare, ta rungume abinta a cinya. Wanda ya san gudron ɗinmu, wato titin kwalta, ya san ba a shan fura a kansa. Kafin Gidimuni murfin kwalbar ya saki, wani irin wari ya cika motar, fasinja suka taso wa wani bawan Allah da ya ɗauko kwalin bandar kifi daga Difa. Ya yi ta rantsuwa kifinsa lafiya lau yake, ba mai saurarensa. Gwaggo ta lallaɓa ta murɗe murfin, ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta ƙarya, amma ta iya shiru.

Muka kwana Damagaram gidan ƙanwar mijina, washegari muka bi ta Matamai zuwa iyaka. A Dan Barto mai buga hatimi ya juya sabon fasfon Gwaggo ya ce, "Inna, me za a je yi a Dubai? Sari?"

"Gaida maras lafiya za ni."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji shi. Na amsa da amin, har muryata ta fi ta kowa.

A Kano mun sauka gidan wani ɗan Gure mai shagon atamfa. Matarsa ta cika mu da masa da miyar taushe, sannan ta cika mu da saƙon abin da za mu sayo mata, kamar an ce mata mu ma attajirai ne. Gwaggo ta ce ita dai Kanawa na burge ta, amma suna magana kamar an biyo su. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta ce ba a shiga da ruwa a jakar hannu. Gwaggo ta ce ba ruwa ba ne, magani ne. Matar ta buɗe don ta tabbatar, ta rufe da sauri, ta kau da kai. A raina ina roƙon Allah ta ƙwace. Sai ta ce mu naɗe a leda uku mu sa cikin baliz, babban akwatin kaya, Allah ya ba mai shi lafiya.

Da jirgi ya daidaita a sama matuƙin ya yi magana ta lasifika, ya faɗi sunansa, ya yi mana maraba. Na fassara wa Gwaggo. Ta ce, "Kin gani? Ko jirgi ma yana da mai shi." Ban ci abincin da aka kawo ba.

A Dubai wata baƙar mota ta ɗauke mu, direban da farar safar hannu kamar zai shiga tiyata. Otel ɗin a bakin teku yake, kuma abin da ya fara dukana ƙamshi ne. Wai turaren gidan ne na musamman, ana ma sayar da shi ga wanda ke son ɗakinsa ya riƙa warin otel. Ma'aikata duk sun sa baƙaƙen kaya, suna tafiya a hankali, suna magana ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta dube su, ta kama hannuna ta raɗa mini, "Rabi, jikin ya yi tsanani ke nan."

A wurinmu baƙo ruwa ake fara ba shi. Su wani ɗan tawul mai sanyi suka miƙo a kan tire. Gwaggo ta karɓa, ta tuɓe takalmi, ta goge ƙafafunta tas, ta mayar da shi kan tiren ta yi godiya. Matar da ke riƙe da tiren ba ta ko ƙifta ido ba. Na yarda an horar da mutanen gidan nan.

Madam Silbiya ta tarbe mu da murna, ta raka mu ɗaki. Nan na gane irin ramin da na haƙa wa kaina, domin ba inda za ka juya ba ka ga sunan mutumin ba. Yana jikin ƙofa, yana jikin sabulu, yana jikin tawul da matashin kai da silifas, har ƴar alewar da aka ajiye kan gado an buga mata. Gwaggo ba ta karatun boko, amma masaƙiya ce, ba a nuna mata zane sau biyu. Ta ce, "Wannan tambarin nashi ne ko? Mutum mai tsoron ɓarayi haka, har sabulu ya sa ma shaida." Sannan ta gyara mayafi ta ce in gaya wa baturiya ta kai mu mu gaida mai gida.

Na juya na tambayi Madam Silbiya da faransanci ƙarfe nawa ake karin kumallo. Ta ce daga bakwai. Na juyo na ce wa Gwaggo yana asibiti ana gasa masa gwiwa, likita ya hana ganinsa sai jibi. Jibin ita ce ranar sa hannu.

Labulen da gaske yana buɗe kansa, maɓalli ake dannawa. Gadon kuwa in ka hau sai ya haɗiye ka, sai an ba ka hannu za ka fito. Gwaggo ta gwada sau ɗaya, ta ce wannan na marasa ƙashin baya ne, ta shimfiɗa zanenta a ƙasa. Banɗakin ya fi ɗakin ajina girma, da kwamin wanka na farin dutse da famfo kala-kala, amma da ba mu zo da butarmu ba da mun ji kunya. Da aka kawo abinci Gwaggo ta ture shi gefe, ta kwance ƙullin ƙuli-ƙulinta da garin fura.

"Ba ni cin abincin gidan da ban gaida mai shi ba," in ji ta. "Ɓarawo ke haka."

Ni dai na ci, kuma ban ƙoshi ba. Faranti kamar faifan shiƙa, abincin da ke tsakiya bai kai loma uku ba, mai kawowa kuma sai ya tsaya ya karanta maka tarihinsa tun daga gonar da aka shuka shi. Kafin ya gama ya huce. Zinariyar ma gaskiya ce, a kan wata ƴar waina mai zaƙi suka barbaɗa ta. Ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. Gwaggo ta ce a garinmu kunne ake sa wa, don a can ana iya cirewa a ba ɗiya.

Washegari muka sauko zaure, sai ga wani tsohon hoto baƙi da fari a bango, da fitila a kansa: wani siririn mutum mai gashin baki, tsaye a ƙofar shago. Gwaggo ta tsaya. Madam Silbiya ta ce shi ne ya kafa gidan. Ban da zaɓi, na ce shi ne.

"Ina tumbin?"

"Hoton samartaka ne, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Yana da idon masu gaskiya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan aka kai mu ɗakin cin abincin. Ban yi zaton zan ji komai ba, amma da na ga bango guda tun daga ƙasa har sama fayafayan matan Gure ne, kowanne da haskensa, sai da ƙwalla ta zo mini. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna, wannan hannun wance ne, wannan ta yi shi tana da ciki shi ya sa bakin ya saki. Ta gano uku an rataye su a kife, ta ƙi motsawa sai da aka kawo tsani aka juya su. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, ga faifai ya fi ɗari a bango, ga abinci ana yawo da shi a buɗe.

Mutanen da ke kwana a gidan su ma abin kallo ne. Na ga wata ta sa wando duk ya yage a gwiwa, Gwaggo ta ce in tambaye ta ko tana son a ɗinke mata, ta zo da allura. Na ga wani yana tura karensa a keken jarirai. A shagon da ke ƙasa sarƙoƙi na cikin gilashi, kowace ita kaɗai kamar mai cutar da ake ɗauka, kuma ba a rubuta kuɗin komai ba, wai mai tambaya ba mai saye ba ne. Mai shagon ta sa safar hannu ta ɗauko wata jar jaka ta nuna mana. Gwaggo ta karɓa ta shinshina ta ce, "Akuya ce." Aka karɓe jakar cikin ladabi.

Ranar sa hannu na tashi da ciwon kai. An sa ƙarfe huɗu na yamma. Gwaggo ta kwana biyu a kan ƙuli-ƙuli, ta fito da hula da kwalba ta jera, ta ce yau dai ko a gadon asibiti ne sai ta gan shi. Na bar ta a zaure na ce ina zuwa, na hau buro, wato ofishin Madam Silbiya, na zayyane mata komai. Da farko ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga ba na dariya ta daina. Na roƙe ta, kuma ba ina alfahari da wannan ba, ta samo mana kowane tsohon bature mai tumbi ya zauna minti biyar, in da hali ya riƙa ɗingishi. Ta ce shugaban masu girki yana da tumbi, amma ba za ta yi wa tsohuwa haka ba. Na fito ina jin haushinta, don na san ta fi ni gaskiya.

Da na sauko na hango Gwaggo a kan kujera, wani mutum mai baƙar kwat ya durƙusa a gabanta. Tun kafin in ƙarasa na ji abin da ban taɓa sa wa a lissafina ba: Hausa. Sunansa Malam Awudu, mutumin Garwa ne a Kamaru, ya shekara da yawa yana tsaron ƙofar gidan. Ya ji tana salati ita kaɗai, ya zo ya kwashi gaisuwa. Ita kuma da ta samu mai jin magana, ta tambaye shi sunan asibitin da aka kwantar da mai gida.

Ya miƙe da ya gan ni, fuskarsa duk damuwa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban san..."

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Madam, zauna." Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana Madam ba.

"Bawan Allah nan ya ce mutumin ya rasu tun kakanninshi na yara. Haka ne?"

"Haka ne, Gwaggo."

"Kin sani tun yaushe?"

"Tun farko."

"Ƴaƴan nan uku fa?"

"Ni na haife su."

Na fara bayani: aikin zai tafi, mata na bukata, ban cuci kowa ko dala ba. Duk gaskiya ne, kuma duk ta sani. Ta bari na gama ta ce, "Da kin ce mana babu mai gida, da ƙila mun ƙi, ƙila mun yarda. Mu za mu zaɓa. Ke kika zaɓa mana, kika mai da mu yara." Daga nan ta juya wa Malam Awudu ta ce ya nemi izinin na gaba da shi, shi zai yi mata tafinta da yamma.

Haka aka yi. Ƙarfe huɗu muka shiga wani ɗaki mai dogon tebur, ga Madam Silbiya, ga manajan otel, ga takardu da alƙalami mai ruwan zinariya. Ni sakatariya, mai faransanci, aka ba ni kujerar ƙarshe na zauna kamar buhun gero. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba, kuma ba wanda ya ɗora mini sai ni.

Gwaggo ta fara da abin da ya kamata. Ta ce a gaya musu ta zo gidansu ba ta san an yi rashi ba, Allah ya ba su haƙuri. Manajan ya dubi Madam Silbiya, ya sunkuyar da kai ya yi godiya, ya karɓi gaisuwar mutumin da ko uwarsa ba ta taɓa gani ba. Sai ta tambayi magada. Aka ce gidan yanzu na mutane ne da yawa a ƙasashe da yawa, kowa da ɗan rabonsa, ba wanda ya san su duka.

"To ba shi da mai shi ke nan," in ji Gwaggo. Ta ture takardar.

Na tuna matan da suka rako mu tasha.

Ta dubi Madam Silbiya ta ce, "Ke, ɗiyar wane ce?" Baturiya ta faɗi sunan mahaifinta. Wane gari? Ta faɗi wani ƙauye a cikin duwatsu. Yana da rai? Yana nan, tsohon mai gasa burodi ne. Lafiyarsa ƙalau? Ta ce kafaɗa na damunsa.

"Yana yi ma kafaɗa," in ji Gwaggo, ta tura mata kwalbar, ta ɗora hular a kai. "Ki kai mishi, ki ce Falmata ta Gure na gaishe shi. Da ke zan yi, ba da hoton bango ba. In kun ɓata mana, na san gidan ubanki. In mu muka ɓata, kin san nawa. Ran da za ki bar aikin nan, ki kira ki faɗa mana da bakinki."

Madam Silbiya ta ce ta yi alkawari, idonta ya kawo ruwa. Ko maganar ce, ko murfin ne ya sake saki, Allah ne masani. Sai aka zo dangwale, aka nemi tawada a duk gidan da ke da alƙalamin zinariya aka rasa. Madam Silbiya ta buɗe jakarta ta ciro jan-baki, shi ma da sunan mamacin a jiki, ta shafa wa Gwaggo a babban yatsa. Da shi aka dangwala. Da muka fito Gwaggo ta ce a kawo mata shinkafa. Ta cinye, ta ce ba yaji.

A hanyar dawowa ba ta yi mini magana ba sai ta dole: miƙo buta, ina fasfo. Kano, Daura, iyaka, Damagaram, ina ta haɗa kalmomin da zan tsaya in faɗa wa mata, ina rushewa. Sai da muka wuce Gidigir ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In mun je ni zan yi magana."

Mata suka cika tsakar gidanta, har da na ƙauyuka. Ta faɗa musu an sa hannu, aka yi guɗa. Ta bari guɗar ta lafa, sannan ta ce, "Sai dai Mai Zinariya ya rasu. Mun tarar ba ya duniya." Aka ɗauki salati. Ta ce, "Rabi ta fi kowa saninshi. Ita ya kamata a yi ma gaisuwa."

Kwana uku ina zaune a kan tabarma a gidana ina karɓar gaisuwar mutumin da ya mutu kafin a haifi ubana. Mata suka zo daga Kelle, suka zo daga Bune. Mijina, da ya san gaskiya, ya riƙa fita bayan gida yana dariya yana dawowa da fuskar jimami. Gwaggo na gefena, in an yi shiru sai ta ce, "Rabi, faɗa musu halinshi." Har nan abin na da ban dariya. Sai Ya Zara ta iso, ta sauko daga amalanke da ƙyar, ta riƙe hannuna tana kuka. Ta ce laifinta ne, da ba ta tsaya neman sassaƙen nan ba da maganin ya riske shi. Na ce mata kwana ne ya ƙare. Ta ce ta sani, amma abin na cin ta. Ya Zara, in an karanta miki wannan, maganinki bai makara ba, ni ce na sa ki wahala a banza, ki yafe mini.

Da aka watse na je na durƙusa na yi wa Gwaggo godiya da ta rufa mini asiri. Ta ce ba nawa ta rufa ba, na ƙanenta ne da ke kabari. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don ta koma kirana Rabi, tana aiko mini da fura kamar da.

Bayan sati biyu wasiƙa ta zo daga Madam Silbiya. Na karanta wa mata ita yadda take, layi huɗu a kan launi da ranar ɗaukar kaya, ba gaisuwar kowa. Da na gama Gwaggo ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta ce wa mata idona ya gaji da alli, gara a samu mai taimaka mini, ta aika aka kira Mushe Isufu, tsohon malamin da ya koya mini faransancin tun ina aji ɗaya. Ya sa tabarau ya karanta, bai bambanta da nawa ko da kalma ɗaya ba. Na ɗauka sau ɗaya ne. Yau wata bakwai ke nan, kuma ba a taɓa samun bambanci ba, kuma ba ta daina ba. Jiya ma wata ta zo. Na karanta, na miƙa wayar, na zauna a cikin mata ina jira a ji ko na faɗi gaskiya.